Samariya: Abin da Muridi Zai Koya Daga Ƙungiyar Iyayenmu

 'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan samariya ne, ƙungiyar taimakon juna da iyayenmu suka tashi a cikinta a Kwaya da sauran garuruwan Magariya da Dungas.

Asalinta

Samariya ta girmi zuwan Turawa. A ƙasar Hausa, samarin gari kan haɗu ƙarƙashin shugaba ɗaya, babban aikinsu kuma shi ne gayya: su nome gonar tsoho ko maras lafiya, su yi wa wanda zai yi aure yaɓen ɗaki, su yashe rijiya, su tarbi baƙi ranar biki. Mai gona ba ya biyan lada, sai dai ya kawo fura da goro. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kowa ya san ranarsa na tafe.

Muƙamanta

An tsara ta kamar fadar sarki. A sama akwai sarkin samari, wanda samari ke zaɓa, mai gari ya tabbatar. Ƙarƙashinsa akwai masu sunaye irin su waziri da galadima, da alƙali mai raba gardama da cin tarar wanda ya ƙi fita aiki, da mai shela. 'Yan mata ma da tasu shugabar. Sunayen kan bambanta daga gari zuwa gari, amma ƙa'idar ɗaya ce: kowane suna da aikin da ke rataye a wuyansa. Sarkin samarin da rana ta tarar a kan tabarma ranar gayya, ba a daɗewa ake neman wani.

Yadda gwamnati ta ɗauke ta

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar fari da yunwa, Seyni Kountché ya soke jam'iyyu, ya farfaɗo da samariya don haɗa kan matasa. Aka ɗaura ta hawa-hawa tun daga ƙauye da unguwa har zuwa Yamai. Ta yi aiki na gaske: azuzuwan lakwal, rijiyoyi, dashen itatuwa, sharar gari, da gasar al'adu tsakanin jihohi. Sai dai umarni ya koma yana saukowa daga sama, muƙami ya zama hanyar kusantar hukuma. Kountché ya rasu a 1987, aka yi Babban Taron Ƙasa a 1991, jam'iyyu suka dawo. Da mulkin da ya tallafe ta ya wuce, sai ta lafa. Gurbinta a yau, galibi fada ce ta shan shayi.

'Yar'uwarta a tarihin Sufaye

Abin da muke kira samartaka, Larabawa suna ce masa futuwwa, daga kalmar fata, wato saurayi. A wurin Sufaye, futuwwa ita ce fifita ɗan'uwa a kan kai da yin hidima ba tare da jiran godiya ba. Ibn Baɗɗuɗa ya tarar da irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙasar Turkiyya ta yau a ƙarni na 14: samari masu sana'a suna kai wa shugabansu abin da suka samu a yini, a sayi abinci, a ciyar da matafiya a zawiyya. Kafin nan, Halifa Nasir na Bagadaza (1180–1225) ya mayar da futuwwa ƙarƙashin fadarsa. Ta fadar ta gushe da faɗuwar Bagadaza a 1258, ta masu sana'a kuwa Ibn Baɗɗuɗa ya same ta da ranta shekaru fiye da saba'in bayan haka.

Darasin da ke ciki

Na farko, muƙami kaya ne. Muƙaddami, mai shela, ma'aji, duk sunayen aiki ne, wanda ya so suna ya ƙi aikin kuwa ya buɗe wa riya ƙofa.

Na biyu, ƙungiyar da ta jingina da mai mulki, ranar da ya tashi za ta faɗi. Asusunmu ya fito daga aljihunmu, ko dala biyar ce bayan zikirin Juma'a, a rubuta, a karanta wa jama'a.

Na uku, buƙatar da ta haifi samariya ba ta tafi ba. Samari suna fita ci-rani Kano da Agadas da Libiya, wasu damina ta faɗi ba su dawo ba, a bar tsofaffi da hauya. Mu da muke haɗuwa kullum wurin wazifa, mun san gidan da ba mai noma, mun san marayan da ba mai kai su asibiti. Idan ba mu muka je ba, wa zai je? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawarata ga samarin kowace zawiyya: kafin shukar bana, da izinin muƙaddami, a ƙidaya gonakin da ba su da mai noma, a raba ranaku, a naɗa wanda zai bi sawu.

Allah Ya sanya mu cikin masu hidima don Shi kaɗai, Ya jiƙan iyayenmu da shehunanmu, albarkar Annabi (SAW). Amin.