DARASIN WANNAN WATA: BA DA TAZARA TSAKANIN HAIHUWA

'Yan'uwa manoma, kowa ya san idan dawa ta tsiro da yawa a rami ɗaya, sai an rage ta kafin ta yi kauri. Gonar da aka noma shekara da shekaru kuma, akan bar ta ta huta. Jikin mace ma yana bukatar hutu bayan haihuwa. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suke ƙin kunika, watau mace ta yi ciki tana goyo. A dā mace takan tafi gidansu wankan jego, miji kuwa ya haƙura har a yaye yaro. Yau wannan al'ada ta yi sanyi, saboda haka dole mu san abin da zai maye gurbinta.

Me ya sa ake ba da tazara?

A shekarar 2005 masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara sun ba da shawara mace ta jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta sake ɗaukar ciki. Ciki da shayarwa suna cin jinin uwa. In ba ta mayar da shi ba wani ciki ya shiga, sai ta yi fama da ƙarancin jini, jaririn kuma ya zo da wuri ko ya zo ɗan ƙarami. Na baya kuwa akan yaye shi ba shiri, tamowa ta kama shi. Haɗari ya fi yawa ga yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, da matar da ta wuce 35.

Hanyoyin da ake bi

1. Shayarwa. Nono yana hana ciki in sharuɗɗa uku sun cika: yaro bai kai wata 6 ba, yana shan nono zalla dare da rana, ba ruwa ba kunu, jinin al'ada kuma bai dawo ba. In ɗaya ya faɗi, a nemi wata hanya.

2. Ƙirgen kwanaki. Wannan na matar da al'adarta ke zagayowa tsakanin kwana 26 zuwa 32 ne. Ranar da jini ya fara ita ce ta 1. Daga rana ta 8 zuwa ta 19 miji da mata su ƙaurace wa juna. Sai da haƙurin maigida wannan hanya take yiwuwa.

3. Kwaroron roba. Shi kaɗai ne ke tare ciki ya kuma tare cututtukan sanyi da ƙanjamau. Sau ɗaya ake amfani da kowane guda.

4. Ƙwaya. Ana sha kowace rana ba fashi. Akwai irin da ta dace da mai goyo. Mai hawan jini ta faɗa wa ma'aikaciya tukuna.

5. Allura. Depo-Provera wata 3 take yi, Noristerat wata 2. Bayan an daina, ciki yakan yi jinkirin wasu watanni, amma ba ta kashe mahaifa.

6. Ashana. Ɗan siririn abu ne da ake sa wa a ƙarƙashin fatar dantse. Implanon shekara 3, Jadelle shekara 5.

7. Robar mahaifa. Mai jan ƙarfe tana kai shekara 10. Ita da ashana ana cire su duk ranar da aka so haihuwa. Cikin mata 100 masu ɗayansu, wadda za ta yi ciki a shekara ba ta kai ɗaya ba, alhali in ba a bin kowace hanya, wajen 85 ne za su yi.

8. Ɗaurin mahaifa ga mace, ko ƙaramin aiki ga namiji. Wannan ba a komawa baya, sai waɗanda suka gama haihuwa.

Allura da ashana sukan sauya zuwan jini, wata ya ɗauke mata, wata ya riƙa ɗiga. In ya dame ki, 'yar'uwa, koma asibiti. Kada ki sha kanwa ko jiƙon da ba a san ma'auninsa ba. Laya da guru ba sa hana ciki.

Bangaskiya fa?

'Ya'ya kyauta ce daga Ubangiji, kuma amana ce: ci, sutura, makaranta da tarbiyya. Ikilisiyar Katolika, bisa wasiƙar Paparoma Paul na 6 ta 1968, ta yarda da ƙirgen kwanaki, ba ta yarda da magani ko roba ba. Wasu ɗariku sun bar wa ma'aurata su zaɓa cikin addu'a. Kowa ya nemi shawarar shugabannin ikilisiyarsa. Amma kada mace ta yi a ɓoye don tsoro, kada miji ya tilasta. Maigida, ka raka matarka asibiti, ku ji bayani tare.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wata nawa ake yaye yaro a ƙauyenmu yanzu?
2. Ina ne asibiti mafi kusa da ake wannan aiki, wace rana kuma?
3. Hatsin da ke rumbunka zai kai iyalinka kaka?
4. Yaya zumuntar mata da dattawa za su taimaki sababbin ma'aurata?