Ina ake koyon sana'a?

1. Safiya a birnin Maraɗi

Yara, wata rana ku yi sammako, ku bi hanyar babbar kasuwar Maraɗi, ku kasa kunne. Me kuke ji? Ga ƙarar masaba daga rumfar maƙera. Ga kukan keken ɗinki. Ga kafinta yana yankan katako da zarto. Can bakin hanya bakanike ya kwance babur ɗin wani ɗan kabu-kabu, mai babur yana tsaye yana jira, don in babu babur yau babu cefane a gidansa.

Duk waɗannan mutane masu sana'a ne. Babu wanda aka haifa da sana'arsa a hannu. Kowa koyo ya yi.

In aka tambayi ƴan makaranta abin da za su yi in sun girma, da yawa sukan ce: "Ni ma'aikacin gwamnati zan zama, in zauna cikin biro." Aikin biro aiki ne mai kyau, amma kujerunsa kaɗan ne. Kusan rabin mutanen Nijar yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Biro ba zai ɗauke ku duka ba. Yawancin mutanen ƙasarmu da noma da kiwo da sana'a da kasuwanci suke ci. Saboda haka ya kamata ku san hanyoyin koyon sana'a tun yanzu. Hanyoyin uku ne.

2. Hanya ta fari: gado

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce ta gida. Ɗa yana koya wurin ubansa, ɗiya tana koya wurin uwarta.

Ku dubi Tibiri, garin Sarkin Gobir, wanda Gobirawa suka kafa a 1836. Ku dubi Maraɗi, inda Sarkin Katsina Ɗan Kasawa ya zauna da jama'arsa tun kafin wannan. A garuruwan Hausa irin waɗannan, manyan sana'o'i suna da shugabanninsu: akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Fawa, akwai Sarkin Aski. Su ne suke sasanta ƴan sana'arsu, su ne kuma bakinsu a fada.

Ɗan maƙeri ba ya fara da ƙera gatari. Da farko gawayi yake ɗaukowa. Sa'an nan a ba shi zugazugi ya riƙa zuga wuta. A nan yake koyon launin ƙarfe: yaushe ya yi ja, yaushe ya isa duka. Bayan shekaru a ba shi awartaki ya riƙe ƙarfe bisa uwar maƙera, daga baya a ba shi masaba. Ran da ya ƙera hauyar da manomi ya saya bai komo da ƙara ba, ran nan ya zama maƙeri.

Haka yake ga majema. Kun san jar akuyar Maraɗi. Fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai saboda taushi da ƙwari. Amma ɗanyar fata ba ta zama takalmi. Sai majemi ya cire gashinta, ya jeme ta da bagaruwa, sa'an nan baduku ya yanka, ya ɗinka jaka ko takalmi ko gidan wuƙa. A Jiratawa kuma, kudu da Maraɗi, an san gari da ginin tukwane. Yarinya tana ganin yadda ake kwaɓa yumɓu, da yadda ake gina tulu, a shanya shi, a gasa shi. Tun tana wasa da ƙasa har hannunta ya faɗa.

Hanyar gado tana da kyau, don ba a biyan kuɗi, kuma malamin naka ne. Amma uba ba ya koya wa ɗansa sai abin da ya sani. Babur da wayar salula da famfo mai aiki da hasken rana ba su cikin gadon kowa.

3. Hanya ta biyu: zama aparanti

Uba yakan kama hannun ɗansa ya kai shi gareji, ko shagon tela, ko wurin mai walda. Bayan sun gaisa ya ce:

"Maigida, ga yaronka na kawo maka. Amana ce."

Mai shago ya ce: "Allah ya ba mu ikon riƙewa. Kai yaro, kana iya haƙuri?"

Yaro ya durƙusa ya ce: "Ina iyawa, Baba."

Daga ran nan ya zama aparanti. Shi ne mai shara, shi ne mai wanke kayan aiki, shi ne ɗan aike. Yana kallo, yana miƙa abin da aka ce ya miƙo. Sannu-sannu a bar shi ya kwance, daga baya a bar shi ya ɗaura. Ba ya da albashi, sai ɗan kuɗin abinci. In ya ƙware, maigidansa ya yaye shi, ya sa masa albarka, ya je ya buɗe nasa wuri. Ta wannan hanya yawancin masu sana'ar Maraɗi suka koya.

Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, wani maigida yakan riƙe yaro shekara da shekaru yana aikensa, bai koya masa kome ba. Don haka ya kamata iyaye su riƙa leƙawa, su tambayi yaro abin da ya iya. Na biyu, dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana a ɗauki yaro aiki, ko da aparanti ne, kafin ya cika shekara 14. Ƙaramin yaro wurinsa makaranta.

4. Hanya ta uku: makarantar sana'a

Akwai makarantun da gwamnati ta buɗe don koyar da sana'a. Ga iri uku.

Akwai cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM. Suna karɓar samari da ƴanmata da suka bar makaranta, har da waɗanda ba su taɓa shiga ba. Ana koyon ɗinki, da kafinta, da walda, da gyaran babur, da wasunsu.

Akwai kwalejin fasaha, wato CET. Ita tana karɓar yaran da suka gama makarantar firamare.

Akwai kuma lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa, a nan cikin birnin Maraɗi. Sai wanda ya ci jarrabawar BEPC yake shigarta. A can ana karatun lantarki, da injuna, da gini, da lissafin kasuwanci. Wanda ya gama yana iya zarcewa jami'a. Tun 2010 Maraɗi tana da jami'arta, wadda take ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo.

A makarantar sana'a ana koya wa yaro yadda ake yi, ana kuma gaya masa dalilin da ya sa ake yin haka. In ya gama a ba shi takardar shaida. Amma takarda ba ta gyara inji. Dole ɗalibi ya je shago ya ɓata hannunsa da baƙin mai, kamar kowane aparanti.

5. Ran da famfo ya tsaya

Mu koma Jiratawa. Ban da tukwane, garin yana da babban filin noman rani, sama da hekta 500, wanda aka gyara a farkon shekarun 1980. Ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. An haƙa foraj da yawa, an sa musu famfo masu aiki da lantarki. Manoma sun haɗu cikin ƙungiyoyin gama-kai, hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, tana ba su shawara. Suna noma masara da alkama da tumatir da zogale.

To, a ce cikin watan Maris, rana tana ƙuna, famfo ɗaya ya tsaya. Kwana ɗaya, ganye ya yi yaushi. In aka yi kwanaki, fure ya zube, wahalar wata uku ta tafi a banza, ga bashin taki yana jira.

Aka kira samari biyu. Na farko yana da ƙarfi, hannunsa kuma ya saba da ƙarfe, amma bai yi karatu ba. Ya kwance, ya duba, ya ce: "Wannan ƙarfe ne ya lalace." Gaskiyarsa. Amma da ya je kanti cikin Maraɗi, sai ya sayo mai kama da shi, ba girmansu ɗaya ba. Kwana biyu sun tafi.

Na biyu ya yi makaranta kamar ku, sa'an nan ya koyi gyara. Ya karanta lambar da aka rubuta a jikin inji, ya auna da milimita, ya rubuta a takarda. Ya je sau ɗaya, ya komo da abin da ya dace. Kafin la'asar ruwa yana gudu cikin lambu.

Me ya bambanta su? Karatu da lissafi. Tela yana rubuta awon mai riga. Kafinta yana lissafin katako kafin ya yanka. Mai gini yana karanta zanen gida. Hausar da kuke rubutawa za ta riƙe muku lissafin shago, Faransancin da kuke koyo zai buɗe muku takardar da ta zo tare da inji. Kada wani ya ce muku mai sana'a ba ya bukatar makaranta. Kada kuma ku raina mai baƙin hannu don kun iya riƙe alƙalami.

6. Bayan koyo, sai aiki

Wanda ya iya sana'a, ko ya nemi aiki wurin wani, ko ya buɗe nasa. Mai neman aiki yana iya zuwa hukumar samar da aiki, wato ANPE, wadda aka kafa a 1996. Tana da reshe a Maraɗi. Ana rubuta sunansa da abin da ya iya, a ba shi kati.

Mai son buɗe nasa wuri yana bukatar jari. Ku yi koyi da iyayenku mata. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Kowane mako suna zuba ɗan kuɗi cikin asusu, suna ranta wa junansu. Daga nan dubarar ta bazu ƙasashen Afirka da yawa. Da kaɗan-kaɗan ake sayen keken ɗinki.

Abin tunawa

Sana'a koyonta ake yi: a gida, ko a shago, ko a makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya haɗa karatu da sana'a ya riƙe abincinsa da hannu biyu.

Kalmomi

Aparanti: yaro mai koyon sana'a wurin maigida.
Foraj: rijiya mai zurfi da ake haƙawa da inji.
Jari: kuɗi ko kayan da ake fara sana'a da su.
Yaye: sallamar mai koyo bayan ya ƙware.

Tambayoyi

1. Faɗi hanyoyi uku na koyon sana'a.
2. Wane aiki ɗan maƙeri yake fara yi?
3. Shekara nawa doka ta ce yaro ya cika kafin ya zama aparanti?
4. Don me saurayi na biyu ya riga na farko gyara famfo?
5. Wace sana'a kake so, ko kike so? Don me?

Lissafi

Wata tela tana ajiye jika 2 kowane mako. A ce kuɗin keken ɗinki jika 60 ne. Mako nawa za ta yi kafin ta saye shi?

Aiki

Ku kasu kashi-kashi, ku ziyarci mai sana'a ɗaya a unguwarku. Ku gaishe shi da ladabi. Ku tambaye shi wurin wanda ya koya, da shekarun da ya yi yana koyo, da sunayen kayan aikinsa. Ku rubuta da Hausa, ku zana kayan aiki uku, ku kawo aji mu karanta tare.