Girman Jariri Daga Haihuwa Zuwa Shekara Guda

Wannan darasi domin ko wane gida ne da a ke goyo a cikinsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman mai jego, da maigida, da kakar yaro, gama su uku ɗin nan su ne su ke yanke shawara a kan abin da za a yi wa jariri.

Girman yaro yana da hanyarsa. Ƙarfi ya kan faro daga kai ya gangara zuwa ƙafa. Wuya ne ya ke fara tsayawa, sa'an nan baya, sa'an nan yaro ya zauna, ya yi rarrafe, ya miƙe, ya taka. Wanda ya san wannan hanya ba zai firgita a banza ba, kuma ba zai yi sakaci ba ran da ya kamata a nemi likita.

Watan farko

Galibi a kan haifi jariri da nauyin kilo 3 ko kusa da haka. A kwanakin farko ya kan ɗan rage, amma kafin mako biyu ya mayar da abin da ya rasa. Wanda bai kai kilo 2 da rabi ba yana bukatar ɗumi ƙwarai. A kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, jiki da jiki, a ɗaura zane a kansu, kuma lalle ma'aikaciyar lafiya ta duba shi.

A sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa. Nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, watau dakashi, ba ƙazanta ba ne. Shi ne ya ke tsare hanjin jariri daga cuta, saboda haka kada a matse shi a zubar. Jariri ya sha nono duk sa'ad da ya nema, dare da rana, aƙalla sau 8. In yana fitsari kamar sau 6 a yini, kuma nauyinsa yana hawa, to nono yana isarsa.

Mun sani a kan ce, yaya za a hana ɗan mutum ruwa cikin zafin bazara? Amsa ita ce, mafi yawan nono ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta wanda ba rijiyar da ta kai shi. Ruwan randa ko jiƙo ya kan cika ɗan cikinsa ya rage shan nono, ya kan kuma shigar masa da zawo. Uwa ce za ta sha ruwa da yawa, ta ci ta ƙoshi. Shi kuwa nono zalla har wata 6.

Cibiya a bar ta a bushe. Kada a sa mata toka, ko ƙasa, ko man goge haƙori, kada kuma a gasa ta da tsumma. Akwai maganin shafa wa cibiya da a ke samu a asibiti, shi kaɗai ya isa. Beli kuma ba cuta ba ne, ko wane mutum da shi a ke haihuwarsa. Yanke shi ya kan jawo zubar jini, jariri ya kasa kama nono, ga kuma cutar da aska ta ke iya kawowa.

Aikin jariri a wannan wata barci ne, wajen sa'a 14 zuwa 17 a dare da rana. A kwantar da shi rigingine, cikin gidan sauro, nesa da hayaƙin murhu.

Wata 2 zuwa wata 5

Wajen mako 6 zuwa 8 jariri ya kan dubi fuskar uwarsa ya yi mata murmushi. Yana bin abu da ido, yana zabura in an yi ƙara mai ƙarfi, yana yin shiru in ya ji muryar da ya sani. A wata na 3 ko na 4 wuyansa ya tsaya. Kafin nan, in za a goya shi a ja zane ya tare masa ƙeya, kada kai ya yi ta reto a hanyar rafi. Bai kamata kuma a yi daka da shi a baya ba.

Goyo abu ne mai kyau, amma yaron da ya ke yini a baya ba ya samun wurin motsa jiki. Ko wace rana a shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa, a kife shi na ɗan lokaci yana farke, wani babba yana kusa. Nan ne zai yi ta ɗaga kai, yana dogara da hannu, har baya ya yi ƙarfi. Wannan ya fi a jingina shi tsakanin matasai tun bai isa zama ba. Daga wata 4 ya kan fara mirginawa, ba kuwa zai yi sallama ran da zai fara ba. Kada a bar shi shi kaɗai a kan gado.

A riƙa yi masa magana. Wasu su kan ga kamar wauta ce babba ya zauna yana zance da wanda ba ya amsawa. Alhali kuwa da kunne a ke fara koyon magana, tun kafin baki ya buɗe. Maigida ma in ya dawo daga gona ya wanke hannu ya karɓe shi, ya yi masa wasa. Wajen wata 5 nauyin yaro ya kan ninka na haihuwa.

Wata 6: abinci, zama da haƙori

Da yaro ya cika wata 6, nono kaɗai ba ya isarsa. A fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da nono har shekara 2. A fara da cokali 2 ko 3, sau 2 ko 3 a yini, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Daga wata 9 ya koma sau 3 ko 4. Cikin yaro ƙarami ne, in an cika shi da koko tsararo ya ƙoshi ne da ruwa. Kunu ya yi kauri yadda zai zauna a cokali. A haɗa gero ko dawa da gyaɗa ko waken suya, a ɗan sa mai. A ba shi dafaffen ƙwai, da wake da a ka murje, da kifi da a ka cire wa ƙaya, da hanta, da kabewa, da zogale, da gwanda ko mangwaro in lokacinsu ne. Duk waɗannan a ƙauye su ke, ba sai an je kanti ba. Ƙwai ba ya sa yaro sata, jiki ya ke gina masa. Zuma kam a dakata sai ya shekara. A ba shi da ƙoƙonsa da cokalinsa, a zauna da shi da haƙuri. Ɗura, watau a toshe masa hanci a zuba, tana iya kai kunu cikin huhu.

A wannan lokaci ne yaro ya ke fara zama, da farko yana dafa ƙasa, daga baya ya saki. A wannan lokaci ne kuma haƙori ya ke fitowa, galibi biyu na ƙasa su ne na farko. To, a nan mu ke so a saurara da kyau, gama a nan ne a ke asarar yara da yawa.

Yaro ya yi zawo, jikinsa ya yi zafi, sai a ce haƙori ne, a zauna ana jira ya fito. Haƙori ya kan sa dalala, da ƙaiƙayin dasashi, da ɗan rigima. Ba ya kawo zawo, ba ya kawo zazzaɓi mai zafi. Abin da ya sa su ke zuwa tare shi ne, yaro ya kai lokacin da duk abin da hannunsa ya kama sai baki, ko takalmi ne ko kashin kaji, ga shi kuma ya fara cin abinci da shan ruwa. Ta nan cuta ta ke shiga. Haka kuma in maɗiga ta faɗa, ba wani abu ne ya taɓa yaro ba, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Shafa magani a ka ba ya mayar da ruwa. A jiƙa ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari na asibiti cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi da cokali, a ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, kada kuma a tsai da nono. Mai ba yaro abinci ta wanke hannu da sabulu, ta wanke nasa, kashinsa kuma a zuba a masai.

Rarrafe da tsayuwa

Ran da yaro ya fara rarrafe, maigida ya zaga gidansa ya duba da idon yaro. Murhu a kange shi, rijiya a rufe ta, kada a bar ruwa a buɗe cikin bokiti ko baho. Kananzir da maganin ƙwari a rataye su sama, kada a zuba su a kwalbar lemo. Ƙwayar gyaɗa, da tsabar kuɗi, da dutsen ado su kan maƙale a wuya. Yarinya 'yar shekara 6 tana iya yi wa ƙanenta wasa, amma ba ta isa a bar mata shi a tafi unguwa ba.

Wajen wata 8 ko 9 ya kan fara ƙiwa. Ba rashin tarbiyya ba ne, hankali ne ya zo, ya gane nasa da baƙo. Yana gwaranci, "ba-ba", "da-da", yana waiwayowa in an kira sunansa, yana tsintar abu da yatsa biyu. Sai ya dafa turmi ko bango ya miƙe. Kafin shekara wasu sun fara tatata, nauyinsu kuma ya kusa ninka na haihuwa sau 3.

Kada a riƙa gwada yaro da ɗan maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, har da Gana, ta bayyana abin da ta gani a 2006. Wasu sun zauna da kansu tun wajen wata 4, wasu sai wata 9. Wasu sun taka a wata na 9, wasu sai kusan shekara da rabi. Kaɗan ma ba su yi rarrafe ba sam, suka miƙe. Dukansu lafiyarsu ƙalau.

Awo da rigakafi

Ido ya kan ruɗi wanda ya ke ganin yaro kullum, sikeli ba ya ruɗuwa. A kai shi awo ko wane wata, a adana katinsa inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. In nauyi ya tsaya wata biyu a jere, tamowa ce ta ke sallama.

Rigakafi kyauta ne a asibitin gwamnati: da haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9 a yi na ƙyanda da shawara da sanƙarau, a maimaita na ƙyanda a wata 15. A 2020 a ka tabbatar Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ta daji, amma har yanzu ɗigon yana da amfani, a karɓa. Ɗan zafin jiki bayan allura ya kan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. A wuraren da a ke raba maganin zazzaɓin cizon sauro gida gida da damina, yaron da ya kai wata 3 ya sha nasa ko wane wata.

A nuna wa likita yaron da ya kai wata 3 ba ya murmushi ko ba ya jin ƙara, da wanda wuyansa bai tsaya ba bayan wata 4, da wanda bai zauna ba bayan wata 9, da wanda ya iya wani abu kana ya daina. Amma yaron da ya ƙi nono, ko ya ke amai da duk abin da ya sha, ko ya ke jijjiga, ko numfashinsa ya ke sauri haƙarƙari yana lotsawa, ko jariri ɗan ƙasa da wata 2 da jikinsa ya yi zafi, wannan ba a kwana da shi a gida. In maigida zai yi tafiya, ya bar izini da kuɗin mota tun kafin ya fita.