Kafin Ɗan'uwanka Ya Jinginar Da Gonarsa

Karatu: Nehemiya 5:1-13 da 8:1-12
Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:10
Manufa: Mu gane yadda talauci yake shiga gidan manomi, mu kuma shirya abin da ikilisiyarmu za ta yi tun daga kakar bana.

Gabatarwa



Wata rana da rani na je kasuwar Ƙofar Ruwa a birnin Kano sayen rodi da bututu domin aikin rijiyar wani ƙauye. Duk wanda ya taɓa yin gini a ƙasar Kano ya san wurin. Can ake sayar da kayan gini da kayan gyaran mota, can kuma 'yan gwangwan suke auna tsofaffin ƙarafa. Cikin 'yan dakon da suka loda mana kaya akwai wani yaro wanda bai kai shekara 18 ba. Da ya ga Littafi Mai Tsarki a gaban mota sai ya ce, "Malam, ni ma ɗan ikilisiya ne."

Na tambaye shi abin da ya raba shi da makaranta. Ya ce wata damina hatsi ya ƙare musu a watan Agusta, babansa ya karɓi buhun masara ɗaya a kan zai biya biyu da kaka. Shekara ta zagayo, abincin ya ƙare tun kafin Agusta. Daga nan aka jinginar da gona, shi kuwa ya zo birni neman kuɗin fansarta. Na ce, "A hannun wa gonar take?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wani dattijo ne a majami'armu." Wurin kwana da kokon safe kuwa, wani Alhaji mai shago ne yake ba shi.

Ranar na koma gida jikina a sanyaye. Wannan darasi daga nan ya samo asali.

1. Kukan ya fito daga cikin gida

Urushalima ma tana da ƙofa mai suna Ƙofar Ruwa (Nehemiya 3:26). Nehemiya ya zo birnin wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu domin ya sāke gina garu, aka kuwa gama aikin cikin kwana 52. Amma ana tsakiyar aiki sai kuka ya tashi. Sanballat da Tobiya suna waje suna barazana, amma wannan kukan a kan 'yan'uwa Yahudawa aka yi shi, maza da mata suka kawo ƙara.

Ku duba aya 2 zuwa 5 ta sura 5, za ku ga mutane iri uku. Akwai masu 'ya'ya da yawa waɗanda ba su da hatsi. Akwai waɗanda suka jinginar da gonaki da gidaje saboda yunwa. Akwai waɗanda suka ci bashi domin su biya harajin sarki. Ƙarshen abin, 'ya'yansu suka zama bayi, iyaye kuma ba su da ikon fansarsu domin gonakin suna hannun waɗansu. Mai bin bashi da mai cin bashi duka suna aikin garu ɗaya, suna yi wa Allah ɗaya sujada.

2. Yadda talauci yake shiga gidan manomi

A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133 a Nijeriya, wato kashi 63 cikin 100, suna fama da talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da wurin zama. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A karkara abin ya kai kashi 72 cikin 100. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota da na abinci suka ƙara tashi.

Waɗannan abubuwa sun fi ƙarfin ikilisiyar ƙauye. Amma akwai hanyar da dukanmu muka sani. Da kaka kowa yana neman kuɗi: kuɗin makaranta, bashin taki, biki, kayan Kirsimati. Kowa ya kai hatsi kasuwa lokaci ɗaya, farashi ya faɗi. 'Yan kasuwa su saya su tara, manyan motoci su kwashe zuwa Dawanau. Daga Yuli zuwa Satumba rumbu ya zama wayam, manomi ya sayi irin hatsin da ya sayar da tsada. In babu kuɗi sai ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa gonar ciyawa ta cinye. Amfaninsa ya ragu, baɗi rumbun ya ƙare da wuri. Haka hatsin gida yake tafiya Dawanau, ɗan gida kuma ya tafi Ƙofar Ruwa.

Abin da ya faru a yankin Maradi ta Jamhuriyar Nijar a 2005 ya isa ishara. Fari da fara sun rage amfanin gona a 2004, amma kasuwanni ba su rasa hatsi ba. Farashin gero ne ya ninka har talaka ya kasa saya, dubban yara suka kamu da tamowa. Ana iya yin yunwa a garin da hatsi yake jibge.

3. Amsoshi uku da ba su isa ba

Ta farko: "Ragwanci ne." Gaskiya ne manzo Bulus ya tsawata wa masu ƙin aiki (2 Tasalonikawa 3:10). Akwai kuma gidajen da shaye-shaye da almubazzaranci suka rusa, dole dattawa su faɗa musu gaskiya. Amma yaron da yake ɗaukar rodi a tsakar rana ba rago ba ne. Sa'ad da almajirai suka nemi wanda za su ɗora wa laifin makantar wani mutum, Yesu bai yarda ba (Yahaya 9:1-3).

Ta biyu: "Za mu sa ka a addu'a." Addu'a wajibi ce. Amma Yaƙub 2:14-17 ya nuna cewa sallamar mayunwaci da fatar baki, ba tare da ba shi abin da jikinsa yake bukata ba, alama ce ta matacciyar bangaskiya.

Ta uku: "Bari ƙungiya ta kawo tallafi." Ni ma'aikacin raya karkara ne, zan faɗa muku gaskiya: kayan agaji suna zuwa a makare, ba sa isa kowa, wata rana kuma shirin zai ƙare. Ikilisiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci, duk da haka suka roƙa a bar su su ba da gudummawa (2 Korantiyawa 8:1-4). Babu ikilisiyar da ta yi ƙanƙanta da wannan hidima.

4. Abin da Nehemiya ya yi

Ya ji kukan, ransa ya ɓaci, amma ya yi tunani kafin ya buɗe baki. Ya fuskanci manya da shugabanni ido da ido, ya kira babban taro. Bai ɓoye nasa ba: ya ce shi ma da 'yan'uwansa da barorinsa suna ba da rancen kuɗi da hatsi. Ya bukaci a daina karɓar ruwa, a kuma mayar da gonaki da gidaje a ranar. Ya kira firistoci aka yi rantsuwa. Shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ake ba gwamna ba, domin nauyin ya yi wa jama'a yawa (5:14-18).

Nehemiya bai ƙirƙiro sabuwar doka ba. Shari'ar Musa ta riga ta hana karɓar ruwa daga matalauci (Fitowa 22:25). Ta ce a biya ɗan ƙwadago ladansa kafin rana ta fāɗi (Maimaitawar Shari'a 24:14-15). Ta ce mai gona ya bar gefen gonarsa da kala domin matalauci da baƙo (Littafin Firistoci 19:9-10). Da wannan kalar Rut ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi. Ku lura: a gaban Allah rabon matalauci hakkinsa ne, mai gona ba alfarma yake yi masa ba.

Bayan an gama garu, jama'a suka taru a dandalin da yake gaban Ƙofar Ruwa, Ezra ya karanta musu Shari'a tun da sassafe har tsakar rana, suka yi ta kuka. Nehemiya ya ce su je su ci su sha, su kuma aika wa waɗanda ba su da kome da rabonsu (8:10). Jin Maganar Allah ya ƙare da kwanon abinci zuwa gidan maƙwabci.

5. Abin da ikilisiyarmu za ta iya yi

(a) Rumbun ikilisiya. A ce gidaje 40 ne a ikilisiya, kowane gida ya kawo tiya 5 a ranar godiyar kaka. Tiya 200 ke nan, wato buhu 5. A ajiye sai Yuli. Gidan da abinci ya yanke wa ya ranta, ya mayar da kaka mudu da mudu. Gwauraye da marayu da marasa lafiya a ba su kyauta. In ana gudun ƙwari, akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. In an ɗaure shi sosai ba ya bukatar magani.

(b) Amana. Rumbu da yawa sun mutu saboda rashin lissafi. A zaɓi mutum uku masu shaida mai kyau, da mace daga zumuntar mata a cikinsu. A sa kwado biyu, mabuɗan a hannu dabam-dabam. A rubuta kome a littafi, a karanta wa ikilisiya jimillar abin da ya shiga da abin da ya fita, amma kada a kira sunan mai rance daga bagadi. Manzanni ma sun sa jama'a suka zaɓi mutum bakwai domin rabon abinci sa'ad da aka yi gunaguni (Ayyukan Manzanni 6:1-6).

(c) Bashi da jingina. Dattawa su zauna da duk mai riƙe da gonar ɗan'uwa. A lissafta abin da ya ci a gonar tun da ya karɓe ta, a sa ranar mayarwa. Wannan shi ne mafi wuya, domin sau da yawa mai riƙe da gonar shi ne mai ba da baiko mafi tsoka. Nehemiya bai ji tsoron manya ba.

(d) Ƙwadago da gayya. Ka biya ɗan ƙwadago a ranar, cikakke. Matasa su keɓe rana ɗaya a wata da damina domin noman gwauraye da tsofaffi.

(e) 'Yan cin rani. A rubuta sunayen yaranmu da suke birni da inda suke kwana. Fasto ya haɗa su da wata ikilisiya a can. A bincika wanda zai iya komawa makaranta ko koyon sana'a.

(f) Maƙwabta. Ayar haddacewa ta ce mu fara da masu bi, amma alherin ya kai ga kowa. Asibitin ido na ECWA a Kano, wanda mishan na SIM ya buɗe a 1943, yana duba Musulmi da Kirista ba bambanci. Alhajin nan na Ƙofar Ruwa bai tambayi yaronmu addininsa ba kafin ya ba shi wurin kwana. In rumbunmu ya yi ƙarfi, kada ya tsaya a bakin ƙofar majami'a.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A wane wata abinci yake yanke wa gidaje a ƙauyenmu? Gidaje nawa ne abin ya shafa bara?
2. Cikin mutane iri uku na Nehemiya 5:2-5, waɗanne ne suka fi yawa a cikinmu?
3. Me ya sa Nehemiya ya ambaci nasa rancen a gaban taro?
4. Akwai gona ko dabba ko kayan aikin ɗan'uwa a hannuna yanzu?
5. Wace rana za mu fara tara hatsi, su wa za su riƙe mabuɗi?

Kada a tashi daga wannan darasi sai an amsa tambaya ta 5 an rubuta amsar. A Matiyu 25:31-46 Ubangiji Yesu ya ɗauki abin da aka yi wa mayunwaci da baƙo a matsayin abin da aka yi masa.

Addu'a

Ya Uba, kai ne mai ba da ruwan sama da amfanin gona. Ka gafarta mana inda muka ci riba daga wahalar 'yan'uwanmu. Ka ba shugabanninmu ƙarfin hali irin na Nehemiya. Ka tsare 'ya'yanmu da suke neman abinci a birni, ka komo da su gida lafiya. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.