Ɗana yana da kitse a hanta, in hana shi cin dare?

Likita, ɗana ɗan shekara 10 ne, yana da ƙiba sosai. An yi masa hoton ciki, aka ce kitse ya taru a hantarsa. Ba ya karyawa da safe. A makaranta lemon kwalba da cincin yake saye, tuwo kuma sai ƙarfe goma na dare idan babansa ya dawo. Kakarsa ta ce jikin hutu ne, maƙwabciyata kuma ta kawo mini jiƙon wanke hanta. Ni kuwa ina tunanin hana shi cin dare gaba ɗaya. Me zan yi?

Maman Abba, Zariya

Maman Abba, ki kwantar da hankalinki, hantar yaro tana iya komawa daidai idan aka gyara cimarsa da wuri. Amma kada ki sa shi kwana da yunwa, yaro ne mai tasowa. Jiƙon nan ma ki ajiye shi, domin duk abin da ya sha hantar ce za ta yi fama da shi.

Ki fara da abin sha. Lemon kwalba guda mai santilita 35 yana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, hanta kuwa kitse take mayar da rarar sukari. Maltina da zoɓo da kunun aya masu zaƙi duk tafiyarsu ɗaya. Ruwa ya maye gurbinsu. Lemon zaƙi da gwanda kuma ya ci su a yanke, kada a matse masa.

Sai lokacin cin abinci. Yaron da ya fita da cikinsa wayam, duk abin da ya gani a bakin makaranta zai saya. Ki ba shi koko marar sukari da alala ko dafaffen ƙwai. Tuwon dare ya dawo bayan Magariba, a samu awa biyu zuwa uku kafin ya kwanta. Ki rage malmala, ki yawaita miyar ganye, zogale da wake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ya motsa jiki minti 60 kullum. Ƙwallon unguwa ma ta wadatar. Ki kuma roƙi likitansa ya yi masa gwajin hepatitis B, sannan ku riƙa komawa awon jini.

Tukunya ɗaya za a ɗora wa kowa a gidan, kada Abba ya ga horo ake yi masa. Kakarsa kuma ki tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita.