Daidaita Sautin Ƙaramar Amfilifaya Mai Bawul: Darasi Ga Mai Koyo

A daminar bara wani ɗalibina ɗan Tsafe ya kawo mini wata tsohuwar amfilifaya ta jita da ya gada daga kawunsa. Kukansa shi ne sautinta ya cika kaifi, yana sukar kunne, yana so ya buɗe cikinta ya gyara da kansa. Ni malamin nazarin halittu ne, ba makaniken rediyo ba, amma na karɓi aikin, domin abin da ake son gyarawa a nan kunne ne ke yanke masa hukunci, haɗarin da ke cikinsa kuwa zuciya yake nema.

Sai mu fara da kunnen. Sauti girgizar iska ce, ana kuma auna shi da yawan girgiza a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da ake kira haz. Kunnen yaro mai lafiya yana jin daga 20 zuwa 20,000. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza sau 82 a daƙiƙa, mafi siranta kuwa sau 330 idan ba a danne ta ba. Sai dai kowace tsirkiya tana fitar da waɗansu ƙananan girgiza a kan babbar, ninki biyu, ninki uku, har zuwa dubbai, kuma su ne ke sa mu bambanta jita da goge ko kukuma, ko da suna kan murya ɗaya. Kunnen ɗan Adam ya fi saurin kama abin da ke tsakanin 2,000 da 5,000. Ke nan kaifin da ɗalibin ke kuka da shi a wannan yanki yake.

Irin wannan amfilifaya tana aiki da bawul, wato kwalbar gilashi da aka zuƙe wa iska. John Ambrose Fleming na Ingila ya ƙirƙiro ta farko a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata waya ta uku a 1906, daga nan ta iya ƙarfafa sigina. Tiransisto ya fito a 1947, ya kore ta daga rediyo, amma makaɗan jita sun ƙi sakinta saboda daɗin amonta.

Sashen daidaita sauti ba shi da wata siddabaru. Abu biyu ne ginshiƙinsa: rasista, mai rage gudun lantarki, da kafasita, wadda masu gyara suka fi sani da kwandansa. Halin kafasita shi ne tana barin girgiza mai sauri ta wuce cikin sauƙi, tana tare mai nawa. Kamar rariya ce da matan Bunguɗu ke tankaɗe gari da ita: lallausa ya zube, tsaki ya tsaya. Idan aka haɗa ta daga hanyar sigina zuwa jikin ƙarfen na'urar, sai ta janye siririn sauti ta zubar, kakkaura ya isa lasifika.

Ana iya lissafa inda tankaɗen zai fara. A ninka ƙarfin rasista da girman kafasita, a ninka da 6.28, sa'an nan a raba 1 da sakamakon. Da rasista mai om 100,000 da kafasita mai maikurofarad 0.001, ragin zai fara a wajen haz 1,600. Idan aka sa mai 0.002, zai sauko kusa da 800. Mai 0.0047 kuwa za ta kai shi 340, jitar ta zama kamar ana kaɗa ta cikin randa. A ta ɗalibina mun ninka girman kafasita ɗaya tak, muka tsaya. A ganina babban kuskuren mai koyo shi ne canza abu uku a tashi ɗaya, daga baya ya rasa wanda ya gyara da wanda ya ɓata. A zana yadda wayoyin suke kafin a narka dalma, a canza ɗaya, a saurara.

Wannan lissafi bai tsaya ga makaɗa ba. Duk wanda ya taɓa zama a sahun baya a wani masallacin Juma'a a Gusau, yana jin amon liman amma bai fahimci huɗuba ba, ya san matsalar. Baƙaƙe irin su s da sh da ts a siririn sauti suke zaune. In an rage shi fiye da kima, sara da shara da tsara duk sai su zama kalma ɗaya. Ƙara murya ba ya magance haka, sai dai ya gajiyar da ƙwayoyin gashi da ke cikin kunne, waɗanda ba su wuce 16,000 a kowane kunne ba, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa.

Yanzu ga haɗarin. Lantarkin gidajenmu bolt 230 ne, amma a cikin amfilifaya mai bawul ana ɗaga shi ya haura 300, kuma manyan kafasitocin sashen wuta suna iya riƙe shi bayan an zare waya daga bango. Zuciya da siginar lantarki nata take bugawa. Idan wuta ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ta ƙirji za ta bi, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba ya isa ya rikita bugun, zuciya ta koma karkarwa ba tare da tura jini ba. Busasshiyar fatar hunturu tana ɗan karewa, amma gumin bazara yana rage wannan kariya ƙwarai. Don haka a zare waya, a sauke cajin ta hanyar rasista mai om 100,000 da aka rufe da roba, ba da sukurdireba ba, a auna da mita har a ga bai kai bolt 10 ba, a kuma ajiye hannu ɗaya a aljihu yayin aunawa. Ɗalibina bai taɓa cikin tasa ba sai da muka je wurin wani dattijon mai gyaran rediyo a Gusau, ya tsaya a kansa.

Ga malaman sakandare, ba sai an kawo bawul aji ba. Ƙaramar amfilifaya mai batir, da rasista ɗaya, da kafasitoci ukun nan sun wadatar. A sa ɗalibai su lissafa kafin su haɗa, sa'an nan ɗaya ya karanta sara, shara, tsara a makirufo, saura su rubuta abin da suka ji.