Yadda Ake Zaman Shawara a Gidan Gandu

A ƙasar Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa, inda gona take manne da gona har ba a samun saurar da za a bari ta huta, kuma rabon gado yake ƙara tsuke ta zuriya bayan zuriya, ba abin da ya kai shirun maigida a kan rumbu saurin wargaza gandu, domin ɗan da ya sha rana tun daga shuka har girbi, amma bai san dami nawa aka shigar ba, zuciyarsa ba ta rabuwa da zato. Maganin wannan kuwa shawara ce, wadda darajarta ta kai har sura guda ta Alƙur'ani mai girma tana ɗauke da sunanta.

Da farko maigida ya yanke lokaci sananne, kamar Jumma'a bayan la'asar, sau ɗaya a wata. Ko da an tsallake wasu saboda uzuri, biyu ba su tsallakuwa: zaman bazara kafin ruwan shuka, da zaman kaka bayan an gama ɗaure gero da dawa. Kada a yi shi a zaure, gama zaure na baƙi ne. A shimfiɗa tabarmi a tsakar gida inda mata za su halarta, tun da su ne suke karɓar awo kullum, sun fi kowa sanin yadda hatsi yake tafiya.

Bayan an buɗe da addu'a da salati, maigida ya ambaci al'amuran da za a duba, sa'an nan ya kame bakinsa. Wannan shi ne mafi wuya, kuma a ganina shi ne ruhin zaman, domin idan uba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, ladabi zai hana kowa saɓa masa, sai a ji "To, Baba" daga kowane gefe, alhali zukata ba su gamsu ba. A fara da ƙanne, a bi da yayye, shi kuma ya rufe. Matar ɗa, wadda kunya ba za ta bar ta ta yi magana gaban surukinta ba, sai uwargida ta ji ta bakinta tun da wuri, ta isar mata.

A zaman kaka a ƙidaya dami a gaban kowa. A fara fitar da zakka idan amfanin ya kai nisabi, wato ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga abin da aka wahala wajen ban ruwansa. Sa'an nan a keɓe iri, a auna abincin da zai kai gida har ƙarshen marka, lokacin da rumbu yake yin ƙasa hatsi kuma yake tsada. Abin da ya saura shi ne za a yi maganar sayarwa, ko a kai kasuwar Dawanau ko a jinkirta, da wane aure ko gyaran ɗaki za a yi da kuɗin.

A zaman bazara kuwa a raba aiki: wa zai yi jigilar taki, wace gona za a fara, yaushe za a tashi daga gandu kowa ya nufi gayaunarsa, da ranar da masu cin rani za su dawo.

Husumar kishiyoyi da laifin mutum ɗaya ba a kawo su nan. Nasiha a turaka ake yin ta, don kada a tozarta kowa gaban yara. Daga ƙarshe a sa wani ɗa mai ilimi ya rubuta abin da aka yi ittifaƙi a kai, da ajami ko da boko, a ba maigida ajiya, a karanta shi a farkon zama na gaba kafin a ɗauko sabuwar magana.